Alamar analaiza ta ƙi zama a kan siginar tasharmu, ina nake kuskure?

ƊanMabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda hannunsu ya faɗa da analaiza ta hannu, wato na'urar da ke nuna siginonin rediyo da ƙarfinsu a kan allo. Wata huɗu ke nan ina koyon aiki a ɗakin transmita na wata tashar FM a nan cikin gari. Maƙwabta sun kawo kuka cewa muryarmu tana shiga musu inda bai kamata ba, har wani mai gadi ya rantse yana jin shirinmu a cikin oba-obarsa. Oga ya yi tafiya, ya bar mini na'urar ya ce in duba ninki na biyu da na uku, wato siginonin banza da kan fito a firikwensinmu sau biyu da sau uku, kafin ya dawo ranar Litinin.

Ba zan faɗi firikwensinmu ba, mu ɗauka 100 MHz ne don lissafi ya zo da sauƙi. Jiya da dare na kunna ta a gida da 'yar eriyar robar da ta zo da ita, na buɗe taga, wato faɗin firikwensin da allo ke nunawa, daga 0 zuwa 1000 MHz. Da na danna fik-sach, madannin neman tsini mafi tsawo, sai alama, wato ɗan ɗigon da ke nuna lambar inda ya hau, ta gudu can ƙarshen hagu ta zauna a kan sifili. Na danna nes-fik, mai neman tsini na gaba, ta zo kan tasharmu, amma lambar da ta nuna ta kauce wa tamu da fiye da 1 MHz. Na ci gaba da dannawa, ta haura wajen 900 da wani abu ta taɓa tsini biyu uku, daga nan ta ce ba ta sami komai ba. Alhali ga wani ɗan tsini ina kallonsa da idona wajen 200.

Na'urar ce ta lalace ko ni ne ban iya ba? Ba na so oga ya dawo ya tarar ban tsinana komai ba.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, na'ura lahiya lau take. Abin da kac ce ta yi shi tay yi. Fik-sach ba ta san tasharku ba, ba ta san abin da kake biɗa ba. Aikinta guda na: ta duba ɗigon da yah hi kowane tsawo bisa allo ta aza alama nan. In abin da yah hi tsawo shara na, bisa shara za ta zamna.

Wanga tsini na sifili kau ba daga iska yaz zaka ba. Osiletar da ke cikin na'urar, mai haihwar sigina ta kanta, ita ke yoyo in ta iso hwarin taga, kuma analaizoji da yawa haka suke, hal masu tsada. Ka hwara tagarka daga 50 MHz maimakon 0, za ka ga ya ɓace. Yi wanga tukuna ka dawo mu ji.

Malamin_Lantarki:
Baba ya gama da na farko. Bari in ɗauki na biyu, wato kaucewar lamba. Ɗan Mabera, allonka ɗigo nawa ne?

ƊanMabera:
Na duba yanzu, 401 ne Malam.

Malamin_Lantarki:
To ga amsarka nan. Ɗigo 401 yana nufin tazara 400 ce tsakanin farkon taga da ƙarshenta. Raba 1000 MHz gida 400, kowane taku ya zama 2.5 MHz. Alama ba ta iya tsayawa a tsakanin ɗigo biyu, dole ta taka ɗaya daga cikinsu, kamar mai hawa tsani. Saboda haka kaucewar 1 MHz ba abin mamaki ba ce. Hasali ma a irin wannan taga duk zangon FM, daga 87.5 zuwa 108 MHz, bai wuce ɗigo takwas ko tara ba, kuma tashoshin garin nan duk sun cunkushe a ciki. Ba ma lallai tasharku kaɗai alamar ta hau ba.

Yadda ake yi: idan alama ta hau tsinin da kake so, danna madannin da ke mayar da wurin alama ya zama tsakiyar allo. Rage faɗin taga zuwa 10 MHz, sake fik-sach, sake mayarwa tsakiya, sannan ka sauko 1 MHz. A wannan faɗin kowane taku 2.5 kHz ne kawai. Kar ka tsallaka daga 1000 zuwa 1 kai tsaye, siginar za ta faɗa wajen taga ka yi ta nema. Idan kuma na'urarka tana da ƙidayar firikwensi a cikin jerin ayyukan alama, kunna ta, domin ita ƙirga siginar take yi, ba ta dogara da ɗigon allo ba.

'YarArkilla:
Malam a ƙara masa da cewa ko ya sauko 1 MHz alamar ba za ta tsaya cak ba muddin ana magana ko kiɗa a tashar. FM ai firikwensin ne kansa yake lilo, har 75 kHz sama da ƙasa. Ranar da na fara gani na ɗauka transmita ce ke yawo. Sai da mai gabatarwa ya yi shiru yana juya takarda na ga tudun nan mai faɗi ya tsuke ya koma siririn tsini guda, alama ta tsaya. Yana buɗe baki ya sake bajewa. Idan lambar gaskiya kake so, jira a rufe tasha, a bar transmita a kunne babu sauti.

Na ukun kuma, wato ƙin ganin ɗan tsinin 200, shiga saitin fik ɗin. Akwai lambobi biyu a ciki. Ɗaya shinge ne: duk abin da bai haura shi ba, na'ura ba ta ɗaukarsa tsini. Ɗayan kuma yana faɗin tsawon da tsini zai tashi daga kwarin da ke gefensa kafin a lissafa shi. A waɗanda na riƙe, 6 dB (ma'aunin bambancin ƙarfin sigina) suke zuwa da shi daga kamfani. Idan tsininka 4 dB kawai ya ɗago daga ciyawa, idonka zai gan shi amma nes-fik za ta wuce shi kamar babu.

RunjinSambo:
Mene ne kuma ciyawa? Ina bin ku a hankali, ni ɗalibi ne.

'YarArkilla:
Hayaniyar nan ta ƙasan allo da take rawa kullum, ko babu eriya. Kalle ta da kyau, kamar ciyawar fadama take.

ƘarfenSabis:
Hajiya ta yi daidai, amma ni ba na ba yaro shawarar ya rage lambar nan ta 6. Na ga wanda ya mayar da ita 1 dB, sai nes-fik ta riƙa tsalle a kan kowane ganyen ciyawa, ya danna sau talatin bai isa inda yake so ba. Ciyawar za ka sassabe, ba shingen za ka karya ba. Rage RBW, wato faɗin matatar da na'ura ke leƙen sigina ta cikinta. Duk ninki goma da ka rage, ciyawa tana sauka 10 dB. Daga 1 MHz zuwa 10 kHz ka samu 20 dB ke nan, tsinin da yake leƙe zai miƙe tsaye, alama ta hau da kanta.

'YarArkilla:
Ban ce ya mayar 1 ba Yaya. Na ce ya san da zamanta. Akwai lokacin da 3 dB take da amfani, musamman idan tsini biyu suna manne da juna kuma kwarin tsakaninsu bai yi zurfi ba.

Malamin_Lantarki:
Ku biyun kuna da gaskiya. Sai dai rage RBW ba kyauta ba ne. A na'ura mai shara irin ta da, wato mai bin taga daga farko zuwa ƙarshe, idan ka rage ninki goma, lokacin shara yana ƙaruwa kusan ninki ɗari. Wanda ya bar taga 1000 MHz ya sa RBW 1 kHz zai yi sallar la'asar ya dawo bai gama shara ɗaya ba. Sababbin da ke aiki da lissafin da ake kira FFT sun fi sauri nesa ba kusa ba, amma duk da haka a tsuke taga tukuna, sannan a tsuke RBW.

MaiDish_GawonNama:
Ku yi mini haƙuri in ɗan kauce, don abin yana cina har yau. Duk wanda ya riƙe irin wannan na'ura ya kula da abin da yake cusa mata a baki. Bara na tara kuɗi na sayi ƙarama don saita dish. Ina son in ga tiransfonda, wato siginar tauraron ɗan Adam, da idona maimakon in dogara da karan dikoda. A wani gida na sa mahaɗi mai baki uku tsakanin LNB, wato kan dish mai karɓar sigina, da dikoda, na jona na'urar a baki na ukun. Na manta cewa dikoda tana tura wuta 13 ko 18 bolt ta cikin wannan kebul ɗin don ta ciyar da LNB. Ban ji ƙara ba, ban ga hayaƙi ba. Kawai daga ranar duk siginar da na auna sai ta fito a ƙasa, alama tana nuna lambobin da ba su da kai. Sai da na kai wa wani a tsohuwar kasuwa ya buɗe ya ce ƙofar shigarta ta ƙone. Ɗan abin da ke tare wutar DC bai kai kuɗin man mashin na mako guda ba, rashinsa ya ja mini wannan asara.

Ɗan Mabera, kai da kake kusa da transmita, don Allah kar ka jona komai sai ka san ƙarfinsa.

Tsohon_Injiniya:
Allah shi mayar maka da alheri Mai Dish. Maganakka ba kaucewa ba ta, ita ta kan gaba. Ɗana ka riƙe lissahin ga: 0 dBm miliwat guda na, 30 dBm wat guda, 60 dBm kilowat guda. Ka duba jikin na'urar kusa ga konekta, an rubuta iyakar abin da take ɗauka. 'Yan ƙananan ga irin tinySA iyakarsu +10 dBm. Manyan suna ɗaukar abin da yah hi haka, amma babu wadda za ta sha kilowat ta rayu.

ƊanIllela:
Ni abin da ya daɗe yana ruɗa ni a da shi ne bambancin nes-fik da fik na dama da na hagu. Mu nan bakin iyaka allo cike yake, ga namu ga na Konni, har waya takan kama sabis ɗin Nijar kana tsaye a cikin Illela. Nes-fik tsawo take bi: daga mafi tsawo ta sauko kan mai bi masa, ko da yana can ɗaya ƙarshen allon. Fik na dama kuwa maƙwabci yake bi, tsini na gaba a hannun dama, dogo ne ko gajere, in dai ya cika sharuɗɗan da Hajiya ta faɗa. Idan ina son in jera tashoshi bi da bi, na dama nake dannawa. Idan ina son in san wa ya fi ƙarfi, nes-fik. Ga mai neman ninki, na dama ya fi, ko ma ya rubuta lambar da hannunsa tunda ya san inda za ta faɗo. Sannan a kunna teburin alamomi, duk su fito a ƙasan allo, ka ɗauki hoto guda ka huta da rubutu.

BakanikenTambuwal:
Wai me ya sa kuke ta cewa alama? Mu a wajen aiki maka muke cewa.

Malamin_Lantarki:
Da baki maka nake cewa ni ma. A rubuce ne take rikicewa. Rubuta "zan sa maka maka" ka gani.

ƊanMabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda kuka ce. Tsinin sifili ya tafi, kuma da na sauko taki-taki lambar ta zo daidai da tamu. Ɗan tsinin 200 kuwa da na tsuke taga a kansa sai na ga ba ninkin namu ba ne, ya kauce da kusan 3 MHz.

Amma yanzu ga babbar magana. Da safen nan na je tasha na tsaya a gindin ƙarfen eriya da 'yar eriyar robar. Na sa alama ta ɗaya a kan siginarmu, na danna delta, mai nuna bambancin ƙarfi tsakanin alama biyu, na kai ta kan ninki na biyu. Ta nuna -34 dB. Na uku ma ga shi tsaye. Jikina ya yi sanyi. Wannan ba yana nufin tacewar transmita ta mutu ba? In kira oga in ce a kashe?

Tsohon_Injiniya:
Kada ka kira kowa tukuna. Gindin ƙarhe kat tsaya, inda sigina ta hi ƙarhi, ka buɗe ma na'ura baki. Mai yiwuwa ita da kanta ke haihwar ninkin da kake gani. Mahaɗin da ke cikinta in ya ƙoshi ya wuce kima sai shi riƙa amai, kuma alama ba ta da hankalin rarrabe aman na'ura da siginar gaskiya. Tsini ɗai ta gani.

Ga gwajin da munka gada tun muna samari. Ka tabbata firi'am, mai ƙara ma sigina ƙarhi, a kashe take. Ka rubuta lambar delta. Ka ƙara atenuweta, mai rage ma sigina ƙarhi, 10 dB. Ka koma duba delta. In ninkin daga transmita yah hito, delta ba za ta motsa ba, don an rage uwa da ɗiya daidai wa daida. In cikin na'ura anka haihe shi, na biyu za shi ƙara nutsewa da kamar 10 dB, na uku da kamar 20. Ka yi ta ƙarawa goma-goma hal lambar ta daina canzawa. Inda tat tsaya, nan gaskiya take.

ƊanMabera:
Baba Allah ya ƙara girma. Firi'am a kunne take ashe, tun daren jiya da nake neman ɗan tsinin nan. Na kashe, na ƙara 10, delta ta koma -47. Na ƙara 10, -57. Na ƙara wata 10, ta tsaya wajen -62 amma yanzu ciyawa ta taso har tana taɓa ƙafar tsinin. Na uku ya ɓace gaba ɗaya.

ƘarfenSabis:
Ka gani ko. Da ka kira oga an kashe tasha a banza.

'YarArkilla:
Alhamdu lillahi, amma kar a yi saurin murna da -62 ɗin nan. Duk 10 dB da ka ƙara a atenuweta, ciyawar allo tana tasowa 10 dB. Idan tsini bai fi ciyawa da kamar 10 dB ba, lambar da alama take bayarwa haɗin gambiza ce, sigina da hayaniya tare. Maganin shi ne a rage RBW, to amma ga inda gizo ke saƙa: da sauti a kan iska siginar a baje take, kuma ninki na biyu lilonsa ninki biyu ne, 150 kHz kowane gefe. Idan ka sa siririn RBW za ka yanki wani ɓangare ne kawai, ninkin ya fito ƙasa da yadda yake, ka yi murnar ƙarya. Shi ya sa na ce a auna bayan an rufe tasha babu sauti. A lokacin uwa da ninki duk siraran tsini ne, ka sa RBW 1 kHz ka ga ƙasa sosai.

Malamin_Lantarki:
Kuma ni 'yar eriyar robar ce ban yarda da ita ba. Yadda take jin 100 MHz daban, yadda take jin 200 daban, haka ita ma eriyar tasha ba a yanka ta don 200 ba. Lambar da ka samu a iska tana nuna hanya, amma ba ita ake rubutawa a rahoto ba. Awon gaskiya daga bakin samfuri ake yi, wato bakin da ke ɗebo ɗan kaɗan daga sigina a jikin layin fita bayan tacewa, da atenuweta ta waje a tsakani. Shi ma bakin samfurin yana da hali: irin na madauki yakan ƙara jin sigina da kamar 6 dB duk lokacin da firikwensi ya ninka, sai an cire wannan daga lissafi.

Game da iyaka kuwa, a ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, tashar FM mai kilowat 1 ana son abin da ke fita wajen zangonta ya yi ƙasa da uwar sigina da 70 dB. A dokar Amurka lissafin 43 ne a tara da 10 log na ƙarfin wat, ko 80 dB, wanda ya fi sauƙi a cikinsu, wato 73 dB ga kilowat 1. A nan gida NBC ce ke ba tashoshi lasisi, sai oganka ya duba abin da takardunsu suka ce. Ganin 70 ko 80 dB a ƙasan sigina mai ƙarfi ba wasa ba ne ga na'urar hannu. Yawanci sai an sa matatar da ke danne uwar siginar ita kaɗai, sannan na'ura ta sami sarari ta ga ƙananan.

RunjinSambo:
To mu masu tinySA ba mu da rabo ke nan? Kuɗin manyan irin Anritsu ko FieldFox ai sai kamfani.

ƊanIllela:
Kuna da rabo mana. Fik, delta, riƙe mafi tsawo, duk akwai a ciki. Don koyo da farautar sigina ta wadatar. Abin da ba za ka yi da ita ba shi ne ka sa hannu a takarda ka ce tasha ta cika ƙa'ida.

ƘarfenSabis:
Tunda an ambaci farauta, bari in ba da nawa, don a ga inda fik-sach take yaudara a wajen aikin waya. An taɓa turo mu wata unguwa kusa da kasuwa, kira yana yankewa, hayaniya ta cika zangon da wayoyi ke magana da ƙarfe, 890 zuwa 915 MHz. Na sa eriya mai nuni ina juyawa, na kunna bin tsini, wato alama ta riƙa sake fik da kanta bayan kowace shara. Sai ta haukace, nan da can, nan da can. Dalili, wayar GSM tana iya harba har wat 2, kuma duk wanda ya wuce kusa da ni yana waya shi ne mafi tsawo a wannan daƙiƙar. Har tawa da ke aljihu tana cikin masu laifi.

Da na kashe wayata, na sa layi ɗaya a kan riƙe mafi tsawo, na biyu a kan matsakaici, sai abin ya fito fili. Wayoyi suna zuwa suna tafiya, amma akwai wani tudu da ba ya motsi. Na kashe bin tsini, na kafa alama a kansa da hannu, na koma kallon lambar dBm kawai ina tafiya. -88 a bakin titi, -75 a lungu, -58 a ƙofar wani shago. Busta ce, mai ƙara ƙarfin sabis, a saman rufi, eriyar ciki da ta waje suna kallon juna, tana ihu ita kaɗai kamar lasifikar da aka kusanta da makirfo. Mai shagon bai ma san yana cutar da kowa ba, kuma bai san hukumar sadarwa ta NCC ta hana sa irin wannan ba tare da izini ba.

Abu ɗaya a kula: alama tana zaune ne a kan layi guda. Idan kana kallon na riƙe mafi tsawo amma alamar tana kan layi mai rai, lambar ba za ta yi daidai da abin da idonka ke gani ba.

'YarArkilla:
A 4G ma fik ba ta da wani amfani sosai. Siginar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tebur, faɗin 10 ko 20 MHz, alama sai ta zaɓi duk inda ya ɗan yi tozo. Kuma lambar tana canzawa da RBW. A nan awon ƙarfin zango gaba ɗaya ake yi.

BakanikenTambuwal:
Ni a gefen kebul da eriya na fi amfani da ita. A can kwari ake nema wani lokaci, ba tsini ba. Idan kana duba VSWR, wato ma'aunin ƙarfin da eriya ke dawowa da shi baya, inda layin ya fi nutsewa nan eriya ta fi daɗi, sai ka tura alama kwari ka ga ko ya faɗo a kan firikwensinka. Ka tura ta tsini kuma ka ga wuri mafi muni a zangon. VSWR 1.5 daidai yake da ritan-los (awon abu ɗaya a dB) 14 dB, 2 kuma wajen 9.5. A DTF, wato awon nisan matsala a jikin kebul, tsini ne ke nuna inda matsala take, amma sai ka gaya wa na'ura saurin kebul ɗin daidai. Fida, wato kebul ɗin eriya, mai kumfa ta rabin inci 0.88 ce, RG-58 kuma 0.66. Ka sa 0.66 a inda ya kamata 0.88, matsalar da ke mita 40 za ta fito a mita 30. Yaro ya hau ƙarfe da rana tsaka ya kwance konekta mai lafiya.

Ɗan Mabera, ka duba wannan ma a layinku idan an kashe transmita. A kashe fa, kuma a tabbata babu wata tasha kusa da ke turo ƙarfi ta eriyar.

Tsohon_Injiniya:
Bakanike ya tuna min. Garin ga namu shina da nashi hali. Wanda yay yi kalibireshan da sanyin sahe, yaz zaka aiki da azahar cikin watan Afrilu zahi ya wuce 40, shi sake yi, don na'ura ta canza jiki. Da hunturu kau ƙura na shiga konekta, kuma doguwar fida tana tara wutar iska. Kahin ka jona ta, ka haɗa tsakiyarta da jikinta su sauke abin da sunka tara.

Abin da yas sa ban son a yi wasa da wagga magana, sama ga 108 kaɗan jiragen sama na. Daga 108 zuwa 118 na'urorin jagora, daga 118 zuwa 137 maganar matuƙa da hasumiya. Ga hilin jirgin Sultan Abubakar III nan kusa. Ninki na biyu ba shi hwaɗawa nan, amma in tashoshi biyu sunka gauraya shina iya hwaɗawa. Ɗauki 107 sau biyu ka ɗebe 96, mi kas samu? 118. Kuma ba dole cikin transmita aka gauraya ba, ko tsatsar ƙulli bisa ƙarhe tana iya yi. Ɗana in ka samu dare, ka buɗe taga 108 zuwa 137, ka sa riƙe mafi tsawo, ka bi da fik na dama ɗaya-ɗaya.

MaiDish_GawonNama:
Duk wannan an yi, amma har yanzu ba a ce komai kan mai gadin nan da oba-obarsa ba. Shi ne fa ya kawo ƙara.

ƘarfenSabis:
Ni zargina a kan oba-obar yake. Masu arhar nan ƙofarsu a buɗe take, idan suna kusa da transmita mai ƙarfi sai su ƙoshi su yi amai, daidai yadda analaizar Ɗan Mabera ta yi da safe. Tasha tana iya zama tsaf amma ya ji ta.

'YarArkilla:
Zai iya zama haka, zai iya zama ba haka ba. Ba a yanke wa mutum hukunci ba a auna ba. A tambaye shi lambar da yake kai. A je inda yake tsayawa, a sa tsakiyar allo a kan wannan lambar, taga 1 MHz, a yi gwajin atenuweta na Baba. Idan akwai tsinin da ya ƙi nutsewa, kuma ya ɓace lokacin da aka kashe transmita, to naku ne. Yawancin na'urorin nan ma suna da wurin sauraro, ka ɗora alama ka ji muryar da kunnenka.

ƊanMabera:
Na je na same shi bayan magariba. Gidan da yake gadi bai fi taku ɗari biyu daga ƙarfenmu ba. Oba-obar ba ta nuna lamba, tashoshi 16 ne kawai a jikin maɓallin juyawa, kuma ya ce wanda ya saita musu ya bar gari. Ya ce a ta 3 da ta 7 yake jin mu, sauran shiru. Na ce ya matsa can nesa ya danna ya yi magana, na buɗe taga 400 zuwa 470 na yi fik-sach, alama ta hau wajen 446. Ban tsuke ba tukuna don batir ya mutu.

Yau ƙarfe 12 na dare za a rufe tasha, mai kula da dare ya yarda ya bar mini transmita minti goma babu sauti. Atenuweta ta waje guda ɗaya na gani a durowar oga, an rubuta 30 dB, 10 W. Bakin samfurin kuma babu rubutu a jikinsa. Baba, in jona da ita ko in jira Litinin?

Tsohon_Injiniya:
Bakin da ba ka san ƙarhinai ba kada ka jona. Yi na iska yau, gidan mai gadi da zangon jirage, ka ɗauki hoton allo kowane da atenuweta biyu daban. Gobe bayan azahar ina da hanya ta wajenku, zan taho da mitar wat mu auna bakin ga tukuna. Ka cika batir.

Malamin_Lantarki:
Idan kun auna ku sa hotunan a nan. 446 ba ninkin komai ba ne a misalin 100 da ya bayar, amma tunda ba ainihin lambar ba ce, Ɗan Mabera ka raba abin da ka samu a ta 3 da ta 7 da firikwensinku na gaskiya, ka ga ko zai ba da 4 ko 5 cif.